Wai me za ka ci da Tarihi?

'Yan uwa ɗalibai 'yan Arewa da ke karatu a nan Kudu, musamman masu Tarihi, Harsuna, Falsafa da nazarin al'umma, na san kun san tambayar nan. Da zarar ka faɗi kwas ɗinka sai ka ga fuskar mutum ta canza, kamar ka ce masa an yi maka rasuwa. Wani ya ce "Allah Ya sa albarka" da muryar jaje. Su ma gwamnatocinmu haka suke kallonmu: tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'i kashi 60 na kimiyya ne, 40 namu, kuma an taɓa cire Tarihi ɗungurungum daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare na tsawon shekaru kafin a dawo da shi.

Ni mastas nake yi a Ibadan, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai yana nan cikin garin. Unguwar Sabo ta Hausawa an kafa ta tun 1916. Littafin da har gobe ake kafa hujja da shi a kanta, wani Bature ne mai suna Abner Cohen ya rubuta, Custom and Politics in Urban Africa, ya fito a 1969. Mutumin ya zauna da mutanen Sabo a farkon shekarun 1960, ya bi diddigin yadda fataucin goro da shanu ke tafiya: mai gida ya sauki baƙo, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa a kan bashin da mahauta Yarbawa suka ɗauka, duk ba takarda ba sa hannu, sai amana. Ya ce da siyasar jam'iyyu ta raunana ikon Sarkin Sabo, sai jama'ar suka shiga ɗarikar Tijjaniyya suka ware masallacin Juma'arsu, wannan ya riƙe su wuri guda, cinikin bai kuɓuce musu ba.

Aiki ne mai kyau wallahi, ba na raina shi. Amma ni ban gamsu a ce mutum yana tashi wazifa don kare kasuwar goro ba. Wanda ya taso cikin gidan da ake wuridi zai ga wani abu da Cohen bai gani ba. To ina namu littafin? Sama da shekara hamsin ke nan fa. Dattawan da suka ga wancan zamanin suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, mu kuma muna wucewa ta Sabo mu sayi tsire mu koma hostal.

Kada wani ya ce wannan surutun masana ne kawai. A Fabrairun 2021 rikici ya tashi a kasuwar Shasha, daga 'yar sa'insa a bakin shago aka kai ga ƙona kasuwa da asarar rayuka. Injiniya zai iya sake gina rumfunan. Amma wa zai bayyana yadda mutanen da suka shekara da shekaru suna ciniki tare, wasu har da auratayya, suka wayi gari haka? Wa ke da ikon raba rumfa, wa ke karɓar haraji, ina aka ajiye tsoffin hanyoyin sulhu? Waɗannan tambayoyin namu ne.

Haka batun foliyo. A 2003 aka dakatar da rigakafi a Kano, sai 2004 aka ci gaba. Maganin yana nan, likitoci suna nan, abin da ya ɓace yarda ce. Wanda bai san labarin gwajin Trovan da Pfizer ta yi wa yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, cewa zai yi jahilci ne tsagwaronsa. Elisha Renne, masaniyar nazarin al'umma, ta zauna a Zariya ta saurari iyaye, ta fitar da littafi a kai a 2010.

Kuma ba baƙi ba ne mu a fagen nan. Abdullahi Smith a Ibadan ya koyar kafin ya koma Zariya, shi ya kafa Arewa House a Kaduna. Murray Last a nan ya yi digirinsa na uku a kan Daular Sakkwato. Bala Usman ya rubuta tarihin Katsina, Mahdi Adamu ya bi sawun Hausawa a faɗin Afirka ta Yamma.

Maganar abinci kam, ba zan ruɗe ku ba, aiki yana wuya. Sai dai masu digirin kimiyya da yawa ma tare muke bin layi.

Ga roƙona ga wanda bai zaɓi maudu'in bincike ba tukuna. Duba Sabon Sagamu, Agege, Mile 12, kasuwar shanu ta Lokpanta, ko Ama Hausa ta Owerri. Kana da harshen da sufabaizanka ba shi da shi. Je ka gaida tsoho, ka nemi izini, ka kunna rikodar wayarka. 'Yan uwa mata, ku ne za ku iya shiga cikin gida ku ji ta bakin iyayenmu mata, inda mu iyakarmu zaure. Mai kaka ko kakan da ya zauna Sabon Ibadan kafin yaƙin basasa, don Allah ya yi mini magana ta akwatin saƙo.