Me Ya Sa Sai a 1804?

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, amma tsufa kan ƙara koya wa mutum cewa abin da ya tsamar da shi ba lalle ne ya zama wanda ido ya fara gani ba. Nan yaranmu suke tuntuɓe idan aka ce su bayyana dalilan jihadin Shehu Usman Ɗanfodiyo a jarrabawar WAEC ko NECO. Yaro zai jero zaluncin sarakuna, da jangali, da cakuɗa addini da al'ada, sai ya ajiye biro. Duk gaskiya ne, sai dai bai taɓa tambayar ba. Jangali ya girmi 1804 nesa ba kusa ba. Shehu ya fara wa'azi tun wajen 1774, har Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya sakar masa mara a taron Magami. Shekara talatin ana kira, ba a zare takobi ba. To me ya canja?

Mai amsa da hankali zai nuna yadda Sarkin Gobir Nafata ya hana rawani da lulluɓi, ya hana kowa wa'azi in ban da Shehu. Da Yunfa ya gaje shi, aka kai wa jama'ar Abdussalami, almajirin Shehu, hari a Gimbana, mutanen Shehu a Degel suka kwance kamammun da aka biyo da su, zama ya gagara. Aka yi hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804, a watan Yuni aka gwabza a Tafkin Kwatto. Jangali yana bayyana abin da ya sa makiyaya da yawa suka amsa kira. Gimbana kuwa tana bayyana abin da ya sa wuta ta tashi a lokacin da ta tashi. Aikinsu daban ne, bai kamata a zuba su a kwano ɗaya ba.

Wani malami zai ce mai duba takarda dalilai yake ƙirgawa, lokaci kuma ƙanƙane ne. Da gaskiyarsa, amma "saboda haka" da ke ɗaure dalili da dalili kalma biyu ce, ba ta cin minti, kuma dalilin da aka ɗaure da ɗan'uwansa ya fi zama a ka fiye da wanda aka haddace shi kaɗai. Wani kuma zai ce ai ƙaddara ce. Babu mai musun haka. Sai dai Muhammadu Bello ɗan Shehu, wanda ya yi yaƙin da kansa, imaninsa bai hana shi zama ya rubuta Infaƙul Maisuri ba, ya bi abin da ya faru tsakaninsu da Gobir daki-daki.