Ƙura da Baƙin Mai

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk abin da ya shafi inji ya yi tsada, daga galan ɗin baƙin mai zuwa fulogi, har ladan bakanike. Shi ya sa yau a Dayi da ƙauyukan kewaye kowa ya zama bakaniken kansa. Ɗan acaɓa yana juyen baƙin mai a ƙofar gida, mai noman rani yana kwance kafireton injin ban ruwa a bakin fadama, matashi mai Golf ya jingina waya a kan bonet yana bin bidiyon wani Bature da ke gyaran motar tsere. Ban ƙi mutum ya taɓa injinsa ba. Abin da ke ɓata mini rai shi ne an bar aikin da ya kamata mai inji ya yi da hannunsa, an faɗa wa wanda ba nasa ba.

Sa'o'ina sun san Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, sun kuma san motocin noma na zamanin shirin bunƙasa noma na Funtua. Abin da waɗannan injuna suka koya mana ɗaya ne: ƙura da mataccen mai ne ke kashe inji, kuma ba sa kashe shi rana ɗaya. Ƙasarmu ta ƙura ce. Ga ta hunturu, ga ta hanyoyin gona, ga ƙaiƙayin masara da dawa lokacin casa. Inji yana zuƙar iska duk tsawon aikinsa, ba abin da ke tare masa wannan ƙura sai filta. Amma yanzu sai ka ga yaro ya cire soson filtar babur ya yar, wai don babur ya ƙara ja. Zai ƙara ja ɗin na ɗan lokaci. Yashin da ke shiga kuwa yana nan yana kankare ringi da jikin bulo, har ranar da salansa zai fara fitar da shuɗin hayaƙi. A lokacin sai a ce ai kayan China ne, ba su da ƙarko.

Akwai wani ƙaramin tiyo da mutane ba sa kula da shi, alhali da shi cikin inji ke numfashi. Duk lokacin da fetur ya ƙone, ɗan hayaƙi yana sulalewa ta gefen ringi ya gangara inda mai yake. Wannan tiyon ne ke fitar da shi ya mayar wajen shigar iska. In ya toshe, hayaƙin zai taru ya turo mai ta kowace kafa, mutum ya yi ta canza sil da gasket, yoyo bai daina ba. In kuma ya tsage, ƙura ta samu ƙofa kai tsaye zuwa cikin mai. Cire shi a busa a duba aikin minti biyar ne, kuma ba sai da bidiyo ba.

Wani zai ce talauci ne ya sa ake sayen man kwalba a bakin titi, ana ƙari maimakon juye. Na san talauci ba ƙarya ba ne. Amma a yi lissafi. Ƙaramin injin ban ruwa irin Honda GX160 da masu kwaikwayonsa, man da yake ɗauka bai kai lita ɗaya ba, littafinsa kuma ya ce a juye bayan awa 20 na farko, sannan duk awa 100, a ƙara yawan wanke filta in wurin mai ƙura ne. Ba shi da filtar mai, don haka duk dattin da ya shiga yana nan yana zagayawa. A gwada kuɗin wannan ɗan man da kuɗin fistin da ringi, a haɗa da tumatirin da zai bushe a makon da inji ke kwance a gareji. Man da ba a san asalinsa ba, wanda in ka murza tsakanin yatsu kake jin ƙasa-ƙasa, mai kuɗi ne kaɗai zai iya jure asararsa.

Wani kuma zai ce a bar wa bakanike komai, tun da shi ya koya. Bakanike ba ya kwana da injinka. Sai ya lalace yake ganinsa, kuma ba laifinsa ba ne in abincinsa yana cikin babban gyara. Zare sandar awon mai da safe, wanke filta, duba tiyo, juye a kan lokaci, duk na mai inji ne.

Inda nake cewa a tsaya shi ne buɗe cikin inji, musamman na motocin zamani da ake shigowa da su daga Kwatano. A cikinsu wannan numfashin ba tiyo kaɗai ba ne, bawul ne na roba da zafi ya riga ya gasa, yana ɓoye ƙarƙashin kaya da yawa, kuma notocinsa a cikin gorar ruwa suke. Baturen bidiyo yana da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, yana aiki a ɗakin da ba ƙura, kayansa na asali ne. Yaronmu yana aiki a ƙasa iska na kaɗawa, da kayan da aka aiko masa daga Ƙofar Ruwa a Kano, bai iya bambanta na kirki da jabu ba. Ya ɗaure noti har haƙoransa su cinye, ya mayar da tiyo a ramin da ba nasa ba, ƙarshenta a yi gyaran gangar Auzinawa, a ja motar da igiya a bi hanyar Gwarzo zuwa Kano. Kai, ko juyen da na ce na kowa ne, wanda bai taɓa yi ba gara ya tsuguna kusa da bakanike sau biyu tukuna, domin notin juye ma yana lalacewa a hannun mai ƙarfi. Tsohon man da aka juye kuma a tara shi a galan, a daina zubawa kusa da rijiya ko shafa wa akuya mai ƙazwa.