Ni Da Ɗana Da Sanyin Minisota

Yau wata gardama ce ta cikin gidana zan kawo muku.

Ɗana na fari yana buga ƙwallon Amurka a makarantarsu da ke jihar Minisota, wato ƙwallon nan mai kama da gwanda wadda ake runguma a ruga da ita. Wata ranar Nuwamba ya dawo gida yatsunsa sun sandare, ko igiyar takalmi ya kasa kwancewa. Wai kocinsu ya ce a fili za su riƙa atisaye, alhali ga zaure mai ɗumi. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, wallahi sai ka je ka yi magana, ba zan zuba ido a nakasa min yaro ba."

Yaron ya ce, "Baba, don Allah kar ka je. Wanda bai saba da sanyi ba, ranar wasa shi ake ci."

Nan na shiga bincike. Mutanen jihar nan suna ji da marigayi Bud Grant, kocin ƙungiyar Vikings, wanda ya hana a ajiye wa 'yan wasansa na'urar ɗumama jiki a bakin fili. Sau 4 ya kai su wasan ƙarshe na Super Bowl, sai dai bai ci ko ɗaya ba. Sannan a watan Janairun 2016, bayan Vikings sun yi kaka 2 suna wasannin gida a buɗaɗɗen fili, Seattle ta zo har gida ta doke su da ci 10 da 9, sanyi ya kai digiri 21 ƙasa da sifili. Ashe sabo da sanyi ba laya ba ne.

To amma da na je na tsaya a bakin fili ina karkarwa, sai na ga abin da kocin yake nufi. A cikin sanyi ƙwallo takan yi tauri, ta yi santsi, bugu ba ya nisa, ƙasa kuma ta daskare. Yaron da bai taɓa cafe ta a haka ba, ranar wasa zai fara koyo, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Atisayen ba ya ƙara gwaninta, amma yana cire tsoro.

Na dawo na ce wa uwargida a bar shi, bisa sharaɗin safar hannu da rigar ciki mai kauri, kuma duk ranar da yatsa ya daina ji, ya fito ko koci ya yi fushi. Har yau ba ta gamsu ba, kuma ban ga laifinta ba. Shi kuwa sun sha kashi a wasansu na ƙarshe, amma ƙwallo ba ta suɓuce masa ko sau ɗaya ba.

Allah Ya raya mana zuri'a. Sai mun sake haɗuwa.