Kyamara Mai Shiga Aljihu da Dodon Koɗin Kadawa

Mu uku ne a ɗan ofishinmu da ke Nassarawa GRA, sana'armu rubuta manhajar kwamfuta. Dukkanmu 'yan yankin Kura ne, kuma a magudanan noman rani na Kadawa muka koyi iyo, a ruwan da ke gangarowa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako. Ba wanda bai yi fitsarin jini ba a cikinmu. A lokacin har alfahari ake yi da shi, wai alamar girma ce. Sai da muka shiga jami'a muka san tsargiya ce, kuma wani ɗan ƙaramin dodon koɗi ne ke renon tsutsarta kafin ta huda fatar mai wanka.

Bara wani tsohon malaminmu na firamare ya kira mu. Ya ce, "'Ya'yana, na gaji da zana abin nan a allo. Yara dariya suke yi. Ku da kuka san na'ura, ku ɗauko mini shi a inda yake zaune."

Muka ce, "An gama, Malam." Ashe aiki ne ja.

Da yake hali zanen dutse ne, sai muka buɗe jadawali a kwamfuta muna jera kyamarori da nauyinsu da farashinsu. Yawancin shawarwarin da muka gani a intanet na masu nutso ne a tekun Indonesiya, inda ruwa yake garau. Suna maganar babbar kyamara cikin akwatin ƙarfe da fitilu biyu masu hannuwa kamar ƙaguwa. Mu kuwa mota za mu shiga ta hanyar Zariya, sannan mu hau babur zuwa bakin magudana. Duk abin da bai shiga jakar goyo ba, ba namu ba ne.

Mun fara da mai sauƙi, wato jakar leda ta saka waya. Da ta shiga ruwa sai fuskar wayar ta daina jin taɓi, muka koma danna maɓallin ƙara. Ba a jima ba gumi ya rufe ledar daga ciki. Hotuna arba'in muka ɗauka, duk kamar an leƙa cikin kofin koko. Muka ari GoPro, ita ma ba ta yi ba, domin an yi ta ne don faɗin wuri, abin da ya matso kusa da ita sai ya dushe.

A nan muka fahimci matsalar. Ruwanmu mai laka ne, ko tafin hannu ba ka gani idan ka miƙa shi. Iyakar nisan da ke tsakanin kyamara da abin ɗauka, iyakar dauɗar da za ta shiga hoton. Saboda haka tambaya ɗaya ce ta rage: wace kyamara ce ke gani tangaran idan ta kusa taɓa abu?

Haka muka tsaya a kan Olympus TG-6, wadda ta fito a 2019. Ba ta buƙatar akwati har zurfin mita 15, tana iya ɗaukar abu daga nisan santimita ɗaya, nauyinta kuma kusan kwatan kilo ne. Ta hannu muka saya, bayan mun yi karo-karo na wata biyu. Muka ƙara da ƙaramar tocila mai jure ruwa. Idan hasken ya fito daga gaban kyamara, ƙwayoyin laka ne ke mayar da shi, hoto ya cika da ɗigo-ɗigo kamar ƙurar hunturu. Sai mun riƙe tocilar daga gefe sannan abu yake fitowa.

Amma kayan da suka fi muhimmanci ba su cikin jadawalinmu. Ruwan da za mu tsoma hannu a ciki shi ne mai cutar. Muka nemi dogon takalmin roba da safar hannu mai kai wa gwiwar hannu, muka ɗaure kyamarar a kan sanda. Mun so mu riƙa kallon hoton a waya daga tudu, sai muka tarar Wi-Fi ba ya ratsa ruwa. Dole muka saita ta tana ɗauka da kanta duk bayan 'yan daƙiƙu, mu kuma muna lalube. Kafin kowace fita sai mun goge robar bakin murfin batir, domin gashi ɗaya ko ƙwayar yashi ta isa ta buɗe wa ruwa hanya.

A fita ta huɗu muka same shi, manne a ƙarƙashin ganyen bado, bai wuce farcen ɗan yatsa ba. Hoton ya nuna abin da Malam yake nema: idan ka ɗaga tsinin ƙwaryar sama, bakinta a hagu yake, alamar Bulinus ke nan, mai ɗauke da tsargiyar mafitsara.

Ranar da muka kai hotunan aji, wayoyinmu suka yi ta yawo daga benci zuwa benci. Ba wanda ya yi dariya. Wani yaro ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaya, ai irinsa muke tsinta mu yi wasa."

Malam ya yi musu bayanin maganin praziquantel, ya ce duk mai ganin jini ya faɗa a gida a kai shi asibiti. Hannuwa suka fara tashi, ɗaya bayan ɗaya.

Ba mu ruɗi kanmu ba. Da muka fito da la'asar, mun wuce yara a magudana suna ta tsalle, mata na wanki a gefe, domin ba su da wani ruwan. Malam ya ce mu dawo bayan damina, akwai makarantu biyu a gaba da ke son gani. Kyamarar tana nan cikin aljihun jaka, takalman roba kuma a bayan ƙofar ofis.