Kafin a nemi maganin barci

A wasu gidajen Abuja da Legas yanzu, waya ɗaya kan sarrafa lasifika da talabijin na kowane ɗaki ta Wi-Fi. Ni ma ina morarsa: ina girki, tafsiri na biyo ni har kicin.

Sai dai a kantin magani, idan uwa ta zo neman maganin barci wa ɗanta, nakan fara tambayarta: akwai talabijin a ɗakinsa? Sau da yawa akwai.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada kallon ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa 1 a rana.

Iyaye, manhajar nan tana da wurin saita lokacin kashewa. Tawa ƙarfe 9 na dare take rufe komai. Ku gwada wannan tukuna.