Ƙamshin Amarci a Bakin Get

A cikin samarin da ke tsayawa a bakin get ɗin kamfanonin Sharaɗa da sassafe, ba a shan wahalar gane ango. Rigarsa ce take tona shi. Tana ƙamshin turaren wuta, irin wanda ke kama tufafi idan sun kwana a ɗakin amarya, ya bi zare ya zauna, har warin kwatar majema ba ya iya danne shi. Takalminsa ya fi ƙarfin wurin da ya zo, domin na ranar ɗaurin aure ne. A hannu ɗaya yana riƙe da ambulan ruwan ƙasa wadda gefenta ya yi laushi don gumi, a ɗayan kuma ƙaramar kula, ita ma sabuwa fil, ko takardar kanti ba a ɓamɓare mata ba. Sauran sun karya a teburin mai shayi na kan kwana, wasu ma ba su karya ba. Shi an tashi tun asuba an dafa masa.

Cikin ambulan ɗin akwai sakamakon WAEC ko NECO, wataƙila da difloma, wani har da shaidar bautar ƙasa, sai katin ɗan ƙasa da hotunan fasfo. Da wuya a buɗe ta a ranar farko. Abin da ake fara yi shi ne magana da maigadi ta ƙaramar ƙofa.

"Baba, ina kwana? Don Allah an ce ana ɗaukar ma'aikata."

"Wajen wa ka zo?"

"Kawuna ne ya ce in zo, yana ɓangaren injin buhu."

"Ai da sai ka fara da haka, yaro. Koma gefe ka jira shi."

Mai digirin da ba shi da kawu a ciki yakan ji haushin wannan tambaya, kuma yana da gaskiyarsa. Amma ba son kai ne kaɗai ya haife ta ba. Kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar lebura da kansu, ɗan kwangila ne ke kawo musu mutane, shi kuwa so yake ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan kaya ya ɓata ko yaro ya karɓi kuɗin sati ya yi layar zana. Don haka kafin a tambayi abin da ka iya, sai an ga wanda zai tsaya maka. Dokar ƙwadago ta ce cikin wata 3 da fara aiki a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa a rubuce, kuma tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000. Sai dai dokar albashin ta tsame wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta tsame masu aikin wucin gadi na 'yan sa'o'i da waɗanda ake biya gwargwadon abin da hannunsu ya yi. Ta wannan ƙofa ango yakan shiga. Aiki ne na yau akwai, gobe "babu kaya, ku dawo ranar Litinin".

Kakanninsu ba haka suka tarar da wurin ba. Cikin unguwannin masana'antun Kano, Bompai ce babba, tun zamanin Turawa, lokacin da gyaɗa da auduga da fatu ke bin jirgin ƙasa zuwa Legas. Sharaɗa da Challawa daga baya suka taso, da kuɗin mai ya shigo ƙasa. Wani Ba'amurke mai bincike, Paul Lubeck, ya zauna da ma'aikatan masana'antun Kano a shekarun 1970, ya fitar da littafi a kansu a 1986, kuma abin da ya gani shi ne da yawansu 'yan ƙauye ne, wasu gardawa da almajirci ya kawo birni. Su ne suka yi boren neman ƙarin albashin Adebo a 1971, su ne kuma suka ga ƙarin albashin Udoji. Sun baro dangi a ƙauye, suka kama haya a Tudun Wada da Gwagwarwa da Dakata don su ji jiniyar kamfani daga kan tabarmarsu, da ƙafa ta zauna suka koma gida suka ɗauko mata. Aikin ne ya zaɓa musu unguwa.

Sai aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, wuta ta lalace, atamfar Sin ta cika Kantin Kwari. Masaƙu irin Gaskiya da Bagauda suka yi shiru, gine-gine da yawa suka koma sito. Ba wai wurin ya mutu ba ne: ana nan ana niƙa a kamfanin fulawa na Bompai, ana haɗa ganyen shayi da kunun tsamiya a Dala Foods na Sharaɗa, ana cika kwalabe a kamfanin Coca-Cola na Challawa, kamfanin Mamuda na can gefe, ga masu roba da leda da buhu da shinkafa, ga majemun da fatunsu ke tafiya Italiya da Sifen. Amma babu saurayin da zai kafa gidansa don jiniyar ɗayansu. Jikan wancan lebura ɗaki yake fara nema kusa da uwarsa, sannan daga nan ya fita neman aiki.

Wasu ma dawowa suka yi musamman. Yaro ya yi shekaru yana buga-buga a Mararraba ko Agege, yana kwana a shago da abokai, aure ya taso, ya duba kuɗin ɗaki a can ya duba aljihunsa, sai ya tattaro. Iyayen yarinya ma sukan sa baki: ba za a kai musu 'ya inda ba ta san kowa ba. Sai a shiga bin dillalai. Mai dangi a kudancin gari ya leƙa Ja'en da Sabuwar Gandu da Sheka, in kuɗin bai kai ba ya miƙa Panshekara ko Zawaciki. Mai dangi a gabas ya bi Dakata da Kawaji da Tudun Murtala. Dillali yana ta yabon ɗaki, ciki da falo, banɗaki nasu su kaɗai, mai gidan ba ya zaune a ciki. Ango yana gyaɗa kai, amma lissafin da yake yi daban ne: daga nan zuwa gida ƙafa za ta kai, ko sai an hau Adaidaita Sahu?

Wannan tambaya ta ƙara nauyi tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024. Acaɓa kuwa tun 2013 aka hana shi ɗaukar fasinja a cikin Kano. Ana cewa zumunta a ƙafa take, to yanzu duk wanda ya yi nisa sai ya saya wa ƙafar tikiti. Wanda ke Dakata aka yi masa hanya a Challawa, gari guda zai ratsa safe da yamma. In kamfanin ba shi da motar ma'aikata, rabin wahalarsa ta ɗan sahu ce. Na sha jin wanda ya ƙi aiki don nisa, mutane suna cewa lalaci ne. Ni dai na ga ya iya lissafi.

Abin da kusanci da gida ke bayarwa ba ya shiga takardar albashi, amma shi ke riƙe auren a shekarar farko. Watannin farko gara ce ke rufa asiri: buhun shinkafa, katan ɗin taliya, jarkar mai, ga dubulan da alkaki da nakiya na baƙi. Ranar da ludayi ya taɓa gindin buhu, ranar ake fara zaman aure na gaskiya. A lokacin ne za ka ga ƙaramar yarinya bayan magariba, kwano a ka an ɗaure shi da ɗankwali, tana ratsa lungu: "Anti, in ji Umma, wai ga tuwo." Ba a ce an san babu ba, ba a kuma tambaya ba. Gobe kwanon zai koma, kuma amarya mai hankali ba ta mayar da shi fanko, ko ɗan cincin ɗin da ya rage ne sai ta jefa a ciki. Gas ya ƙare ana tsakar girki, ta sa hijabi ta ɗauki tukunyar ta ƙarasa a murhun surukarta. Waya ta mutu, akwai sola a gidan Baba. 'Yan garuwa sun ƙara kuɗin jarka, akwai rijiya a gidan Gwaggo. Labarin aikin kansa ta nan yake zuwa, a majalisa bayan isha'i ko a wajen suna, wani ya ce, "Af, an ce wancan kamfanin robar zai kunna sabon inji, ka je ka ce ni na turo ka."

Gidan iyaye har sito yake zama. An yi wa yarinya kayan ɗaki na gani na faɗa, gado da sif da madubi da kujeru, 'yan jere suka zo suka tarar ɗakin ba zai ci rabinsu ba. Sai a cusa abin da ya shiga, a jingina kujera ɗaya a bayan ƙofa yadda ba ta buɗuwa duka, sauran kwalaye su koma ɗakin uwarta "har Allah ya hore babban wuri". Ko auren gatan da gwamnatin Kano ta yi wa ma'aurata 1,800 a Oktoban 2023, gado da katifa da ɗan jari ta bayar. Ɗakin da za a sa su da aikin da zai biya hayarsa suna wuyan ango.

Ita ma amaryar neman take yi, sai dai nata ba ya yin ƙara. Tana da NCE ko difloma a cikin akwati, tana jiran makarantar kuɗi ta unguwa ta buɗe zango. Akwai aikin mata a sito-sito na Sharaɗa da Bompai, tsintar zoɓo da riɗi da citta, inda za ka ga layin hijabai da takunkumi a hanci, tafin hannu ya rine ja. Zoɓon nan har Meziko ake kai shi. Amma wannan an fi barin sa ga zawarawa da iyayen marayu. Amaryar da lallenta bai gama fita ba ta ce za ta je, sai dangi sun yi taro a kanta. Don haka sai ta mayar da ɗakin wurin sana'a: humra da turaren wuta a WhatsApp, atamfa 'yar bashi daga Kwari, ƙanƙara da kunun aya daga firjin da babanta ya saya mata. Firjin kuwa sai da wuta. Wanda aka haɗa layinsa da na masu samun wuta sosai ya huta da duhu, amma tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wannan rukuni naira 225 kowane yunit, mita ke cinye ribar ƙanƙarar kafin ta daskare.

Kada a ɗauka duk daɗi ne. Ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. Ƙannen miji sun mayar da ɗakin wurin kallo da cajin waya, a zo ba sallama, a buɗe tukunya. Kowa ya san ranar da ake biyan sati, kuma ranar ce ake tunawa da kuɗin makarantar auta da maganin hawan jinin Baba; ba yadda za ka ci tuwon mutane wata guda ka ce ba ka da shi. Ƙaramin saɓanin da zai mutu a kan filo in da a Legas ne, a nan kafin la'asar ya kai kunnen Hajiya. Sannan "kusa da gida" kusan kullum gidansu mijin ake nufi. Yarinyar da aka ɗauko daga Kawaji aka kai Panshekara tana cikin Kano, amma ganin uwarta sai an yi shiri, an tanadi kuɗin mota, an nemi izini.

Ranar da aka dace aka samu aikin, sai wata ta taso: a kamfanoni da yawa awa 12 ake yi, kuma sabon shiga ba ya zaɓar safe ko dare. Angon wata biyu ya fita bayan la'asar da kularsa, ba zai dawo ba sai rana ta fito, da ƙurar dusa a gira ko warin narkakkiyar roba a riga, ya kwanta daidai lokacin da injin markaɗen maƙwabta ya tashi. Wa zai kwana da amarya a gidan haya? Nan ma gida ne ke fitar da su. A turo ƙanwarsa da 'yar jakar makarantarta, ko ita ta kulle ɗaki ta tafi wajen Umma. Wanda ya kama haya nesa da kowa, sau da yawa dole ya ce a bar shi a aikin safe, a ce masa babu, ya dawo gida.

A majalisa ana ta zancen bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, da tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a farkon 2023, wai in komai ya kankama injinan da suka yi tsatsa za su tashi. Allah ya sa. Dillali dai ba ya jiran gas. Wata goma sha ɗaya na cika zai zo da sallama da murmushi da saƙon mai gida cewa an yi ƙari. Yawanci lokacin amarya ta yi nauyi, an fara maganar tafiya goyon ciki, ango yana zaune a gaban uwarsa yana jujjuya hula.

"Umma, mai gidan ya ƙara kuɗi. Na ga wani ɗaki can bayan Zawaciki, ya fi sauƙi."

"Da ruwa?"

"Akwai 'yan garuwa."

"In ka tafi aikin dare, wa zai zauna da ita da jariri?"

Ya yi shiru.

"Ka je ka ba shi haƙuri ya karɓi rabi. Ranar Juma'a nake ɗaukar adashe."