Daren da wuta ta ɗauke a masana'antata ta cikin kwamfuta

Masu tambayata ta inbox ina aka kwana a maganar masana'antar nan da nake ginawa, ga labari. Masu cewa mutum da gemunsa da 'ya'yansa uku ya zauna yana buga gem kuwa, na ji, ku yi haƙuri ku karanta zuwa ƙarshe sannan ku ci gaba da faɗan.

Ga waɗanda ba su sani ba, sunan wasan Factorio. Wani ƙaramin kamfani ne a birnin Prague na ƙasar Czech, Wube Software, ya yi shi, cikakkensa ya fito a Agustan 2020. Za a jefa ka wata duniya kai kaɗai, ka fara fasa dutse da hannu, ka haƙo tama da jan ƙarfe da kwal, ka narka, ka ƙera inji, injin ya ƙera wani injin, har ka kai ga harba roka sama. Kaya suna tafiya a kan bel, wasu hannayen ƙarfe suna ɗauka suna sakawa a inji. Shi ke nan wasan. Amma wallahi in ka zauna bayan isha'i da niyyar gyara layi ɗaya, sai dai ka ji kiran assalatu.

Wancan karon da na yi rubutu ina fama ne da matatar mai. Na wuce nan, alhamdulillah. Abin da ya ɗaure min kai kwana da kwanaki shi ne matatar tana fitar da abu uku a lokaci ɗaya, mai mai nauyi, mai marar nauyi, da gas. In tankin ɗaya ya cika ba ka kwashe ba, duk matatar tsayawa take yi, ko da sauran biyun kake nema ido rufe. Da na gane haka na gyara, kayan bincike shuɗi suka fara fita, na shimfiɗa layin dogo na farko, na kawo tama daga nesa. Kai ya fara girma. Har hoto na ɗauka na tura wa ƙanina.

Ranar Alhamis da ta wuce komai ya rushe.

Wutar masana'antar daga injinan tururi take zuwa. Kowace tukunya ɗaya tana riƙe inji biyu, kowane inji yana ba da kilowat 900. Ina da inji 40, wato megawat 36. Tukwanen kwal suke ci, kwal ɗin kuma injinan haƙa ne masu amfani da lantarki suke tono shi, hannayen da suke zuba shi a tukunya su ma lantarki suke sha. Kun fara hango inda matsalar take?

Ni ban hango ba. Ina can gabas ina gina sabon sashen allunan lantarki, ina ta lissafin inji uku na waya ga inji biyu na allo, ashe filin kwal ɗin da na fara da shi tun ranar farko ya kusa ƙarewa. Kwal ya ragu a kan bel, wuta ta ɗan yi ƙasa. Da wuta ta yi ƙasa injinan haƙa suka rage gudu, kwal ya ƙara raguwa, wuta ta ƙara yin ƙasa. Kafin na ankara duk taswirar ta cika da alamar rashin wuta tana ƙyaftawa. Bindigogin da ke tsaron katanga na laser ne, su ma suka mutu. Ƙwarin duniyar, waɗanda hayaƙin masana'anta ke jawo su, suka fasa ta arewa suka cinye min wajen narka ƙarfe. Aikin sati biyu.

Abin da ya fi ci min rai shi ne wasan bai ɓoye min komai ba. Akwai allon da ke nuna wutar da ake samarwa da wadda ake sha, danna turken lantarki ɗaya kawai za ka yi ka gani. Na fi sati ina ganin layin yana matsowa, ina cewa bari na gama wannan tukuna. Gina sabon abu daɗi gare shi, ana ɗaukarsa hoto. Zuwa duba tsohon layin kwal kuwa ba wanda zai yi maka tafi.

Ina zaune ina kallon baƙin allo sai dariya ta kama ni, don a daidai lokacin unguwarmu ma kwana biyu ke nan ba wuta, a kan batirin sola nake buga wasan. Maman yara ta leƙo ta ce, "Baban Khalifa, lafiya kake dariya kai kaɗai?" Na ce mata an ɗauke wuta a kamfanina. Ta ce, "To can ma mu ne?" Ta ja ƙofa.

Maganarta ta tsaya min, don abin da ya same ni a wasa kusan shi ne abin da muke ciki a zahiri. Yawancin wutar da ke kan babban layin ƙasar nan daga tashoshin gas take fitowa. Tashoshin suna bin bashin wutar da suka bayar, masu gas suna bin tashoshin, in ba a biya ba gas ya ragu, wuta ta ragu. In wuta ta ragu mai shago da mai gida su ce me za su biya, kuɗin da ake tarawa ya ƙara raguwa. Ƙasa mai mutane sama da miliyan 200 tana juyawa a kan megawat 4,000 zuwa 5,000. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wuta na 'yan Band A naira 225 kowane yunit. Sannan kowa a nan ya tuna ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da Arewa ta yi kwanaki a duhu: layin Shiroro zuwa Kaduna an riga an lalata shi, sai wanda ya taso daga Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya faɗi, ya zama babu ta inda wuta za ta shigo. Masu ƙanƙara, masu niƙa, masu walda, teloli, kowa ya ji a jikinsa. Yanki guda ya rataya a kan igiya biyu, kamar yadda na rataya masana'antata a kan bel ɗin kwal guda.

Akwai kuma dalilin da ya sa wannan wasan yake taɓa ni fiye da yadda ya kamata. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a wata masaƙa ya yi aiki a Kakuri, Kaduna. Ina yaro na san jiniyar canjin aiki, na san yadda titi ke cika da kekuna in an tashi. Auduga ta zo daga su Funtuwa da Gusau, a kaɗa zare, a saƙa, a rina, a buga atamfa, ta tafi Kantin Kwari. Da aka rufe, Baba bai taɓa cewa audugar ce ta ƙare ba. Kullum maganarsa wuta ce, da tsadar baƙin mai na tukwane, da atamfar da ake shigowa da ita ta bayan fage. A lokacin ina ganin kamar uzuri ne irin na manya. Sai da na zauna ina kallon injina ɗari a tsaye, kaya jibge a gabansu, ba abin da ya lalace a jikinsu, kawai babu abin da zai juya su, sannan na ji abin da yake nufi. Ya rasu bai karɓi cikakken haƙƙinsa na sallama ba.

Kar wani ya ce na buga gem na zo ina koya wa injiniyoyi aiki. A'a. Wasan ya fi rayuwa sauƙi nesa ba kusa ba. A cikinsa ba albashi, ba ɗan kwangila, ba wanda zai zo da dare ya kwance maka ƙarfen turke ya kai wa 'yan gwangwan, bel ba ya tsufa, kuma in abu ya ɓaci kana iya komawa inda ka adana jiya. Ajaokuta tun 1979 aka fara ta, ba wanda yake da maɓallin komawa baya. Abin da kawai na ɗauka shi ne na rage saurin cewa "ai mugunta ce kawai" a duk lokacin da abu ya tsaya. Akwai mugunta, ba musu. Amma ni da ba na cin kwabon kowa, ba na neman ƙuri'ar kowa, na bar gyara na bi sabon gini har komai ya faɗi. Ina ga wanda zai yanka kirtani a gaban kyamara.

Ban koma tsohon ajiya ba, na ce sai na tashe ta a yadda take. Na yanke wayar da ta haɗa tashar wuta da sauran masana'anta, na ɗebi kwal a aljihu na bi tukwane ina zubawa da hannu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ba janareta mai da galan. Da injinan haƙa suka farfaɗo na mayar da sassa ɗaya-ɗaya, tsaro tukuna, narka ƙarfe, bincike a ƙarshe. Hannayen da ke ciyar da tukwane na canza su da masu cin kwal da kansu, don ko wuta ta mutu su ci gaba. Yanzu ina shimfiɗa sola, faranti 25 ga batir 21, don dare ya riƙe. Yana cin fili da jan ƙarfe kamar me, roka kuma ta ƙara nisa da aƙalla wata guda.

Saura matsala ɗaya. Jiragen ƙasana biyu sun haɗu a mararraba sun tsaya suna kallon juna tun jiya, kowanne yana jiran ɗan'uwansa ya wuce. Wanda ya gane bambancin danjar layin dogo ta talaka da mai sarƙa, don Allah ya yi min bayani a ƙasa da Hausa, na kalli bidiyo uku ban fahimta ba. Batir ya nuna saura kashi 11, kuma Maman Khalifa ta ce fanka ta fi roka.